Haƙuri ma sai an yi masa atisaye

Shekarata 11 a Kassala ta ƙasar Sudan. Duk ranar Asabar nakan raka ɗana wani gida a unguwarmu, inda wasu samari ke koya wa yara zane da wasan kwaikwayo. Kayan aikinsu alli ne da ragowar fenti da tabarma. Wasa ɗaya ya tsaya mini a rai: a zaunar da yaro a tsakiya, sauran su kewaye shi suna hankaɗarsa, suna cewa "baƙo, koma ƙasarku". Shi kuwa ya faɗi haƙƙinsa da baki, hannuwansa a kan cinya. Ya ɗaga hannu, ya faɗi wasan, a sake daga farko.

Malaminsu ya ce min ba shi ya ƙago ba. Haka James Lawson, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, ya horar da ɗalibai a Nashville ta Amurka a 1959, kafin su je su zauna a kujerun gidajen abinci da aka haramta wa baƙar fata a 1960.

Yaran nan sun san zafin kalmar baƙo. A Yulin 2022 aka zubar da jini tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a yankin Damazin, kuma da 'yan uwanmu suka fito zanga-zanga a nan Kassala, fushi ya kai wasu ga cinna wa ofisoshin gwamnati wuta. Gaskiyarmu ta bi hayaƙin. Alhali a 2019 matasan Khartum sun zauna gaban hedikwatar soja suna rera "silmiyya, silmiyya", wato "cikin lumana", suka cika bangaye da zane, har sojoji suka sauke shugaban ƙasa Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilu.

In na tuna Kano sai raina ya sosu. Wa'azin haƙuri ba mu rasa shi ba, a masallaci da Islamiyya da rediyo. Amma wa ya taɓa sa yaro ya gwada shi da jikinsa, jininsa na tafasa? Ɗan siyasa ne ke riga mu, ya ba shi gora da ƙwaya, gobe mu kira shi ɗan daba. Ga tashe kuma muna da shi, duk azumi yara na kwaikwayon halin manya a ƙofar gida. Malam Aminu Kano kansa da wasan kwaikwayo ya wayar da kan talakawa.

Makon jiya ɗana ne a tsakiya. Sau uku yana ɗaga hannu. A na huɗu ya daure, hawaye na zuba, ya ce: "Nan aka haife ni."