Ba yawan mabiya ne ya yi Bruce Forsyth ba

Tun da Tess Daly da Claudia Winkleman suka sanar a watan Oktoban 2025 cewa za su bar gabatar da shirin Strictly Come Dancing, gasar rawa ta BBC, wata magana ta ishe ni: wai a nemo sabon jini, samari da 'yan mata masu tarin mabiya a TikTok da Instagram. Masu wannan kira sun manta wanda ya tsayar da shirin da ƙafafunsa. Ranar da aka buɗe shi a 2004, mai gabatar da shi, Bruce Forsyth, yana da shekara 76, kuma bai sauka ba sai bayan zangon 2013.

Mutumin nan ba da rana tsaka ya faɗo ba. A 1939, yana ɗan shekara 11, ya fara fitowa a talabijin yana rawa da waƙa. Yana 14 ya shiga yawon gidajen wasa, gari-gari, a gaban taron da ba ya jin kunyar yi maka ihu idan ka gaza. Kusan shekara 16 ya yi yana wannan gwagwarmaya kafin a damƙa masa Sunday Night at the London Palladium, shirin talabijin daga gidan wasa na Palladium a Landan, a 1958. A can ya koyi karantar fuskar jama'a, ya san lokacin da zai ja baƙon da ya ruɗe ya mayar da ruɗewar tasa dariya ba tare da ya muzanta shi ba. Abin da ya riƙe shirinsa na gasar iyalai, The Generation Game, ke nan tun daga 1971. Wa zai koyi wannan a ɗaki shi kaɗai da waya, yana goge abin da bai yi kyau ba yana sakewa?

Ana cewa a ƙarshe tsufa ya kama shi, harshensa yana sarƙewa. To, sai me? Tsohon da ake wa gorin nan ne ya hau dandalin bikin waƙa na Glastonbury a 2013, yana da shekara 85, matasa suna ta tafi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne raina ƙwarewa da ake yi, kamar ƙidaya mabiya ita ce jarrabawa. Ya kamata BBC ta daina duba alƙaluman waya, ta leƙa gidajen wasan Ingila, inda har yau akwai masu shan gumi a gaban mutane kowane dare. Forsyth ya rasu a 2017, kuma a ƙarƙashin dandalin Palladium aka ajiye tokarsa.