Rubutun "i7" a jikin akwati ba shi ke buga gem ba

Tun jiya raina a ɓace yake kan kwamfutar nan da aka sayar wa ƙanena, kuma har yanzu ina ganin masu ce mini "ai ya yi sa'a, i7 ce, ga RAM 16." Wace sa'a? Yaro ya yi wata da watanni yana tara kuɗinsa, aka ɗauko tsohuwar kwamfutar ofis aka sauya mata akwati, aka jera mata fitilu masu canza launi, aka ce masa ta gem ce. Ni a wurina cuta ce wannan.

i7 ɗin, wato furosesar kamfanin Intel da ke sarrafa aikin kwamfutar, ta wace shekara ce? Da na buɗe manhajar CPU-Z, mai nuna ainihin kayan da ke cikin kwamfuta, sai ga i7-2600, furosesar da ta fito a 2011. Jama'a, lambar da ke biye da sunan ita ce magana. 2600 ƙarni na 2 ke nan, i7-4790 kuwa ƙarni na 4 ne na 2014. Ƙaramar i3-12100 ta 2022 tana tsere musu su duka a gem. Ga kuma wata matsalar: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance sai daga ƙarni na 8 na Intel zuwa sama, kuma da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Mai sayarwa ya san duk wannan, shi ya sa ya rubuta "i7" ya yi shiru a kan sauran.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne katin hoto, tunda shi ne ke ɗauke da yawancin nauyin gem. An ce masa GTX 1050 Ti ne. Manhajar GPU-Z mai duba katin hoto ta nuna jabu ne, tsohon GTS 450 aka canza wa suna ta ciki don Windows ta riƙa karanta sabon suna. Gem mai nauyi na hawa sai ta tsaya cak. Minti biyu kacal ake buƙata a gano wannan, da an bar yaron ya kunna ta.

Nan ne maganata take. Kwamfutar gem ta hannu ba a sayen ta da hoto, ba a sayen ta da rantsuwar mai ita. A kunna ta a gabanka. A kunna ta, a sa gem mai nauyi, a bar ta tana aiki kamar rabin awa kana kallon zafinta, kana sauraron fanka, kana lura ko allo zai fara zane-zane ko ta mutu da kanta. Buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga awa nawa rumbun ajiyar ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa. Cire murfin gefe ka karanta sunan akwatin wutar, domin mara suna idan ya ƙone yana iya tafiya da katin da ma babban allon cikin. Duk wanda ya ce maka "babu lokaci, wani ma na jiran ta," to ka bar wa wanin.

Wani ya ce mini mai ƙaramin ƙarfi ba shi da zaɓi. Haba ɗan'uwa, ai mai ƙaramin ƙarfin ne ya fi kowa buƙatar gwaji, don ba shi da kuɗin saye sau biyu. Wani kuma ya ce a daina sayen ta hannu gaba ɗaya. Ban yarda ba. Tawa ma ta hannu ce, kuma tana yi mini aiki lafiya lau. Katunan hoto irin su RX 580 mai 8GB ko GTX 1060 har yanzu suna jan wasanni da yawa a 1080p idan ka rage saiti. Amma ka tambaya 1060 ɗin wanne ne, mai 3GB ko mai 6GB, domin bambancinsu bai tsaya a ƙwaƙwalwa ba, mai 3GB har ƙarfin cikinsa an rage. Katunan da aka yi ta aiki da su wajen haƙar kuɗin intanet na kirifto ma, waɗanda suka cika kasuwa bayan an daina haƙar kuɗin Ethereum a Satumba 2022, ba duka ne matattu ba, sau da yawa fankarsu ce ke gajiya. Ta yaya za ka sani? Ka kunna, ka gwada.

Da na tambayi yaron me ya hana shi kira na kafin ya biya, sai ya sunkuyar da kai ya ce yana tsoron in ce gem ɓata lokaci ne. Wallahi wannan amsar ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo. Mu yayye da iyaye mun saba da zarar yaro ya ambaci gem sai faɗa, to ga shi nan ya je ya saya a ɓoye. Daren jiya tare muka zauna har ƙarfe ɗaya muna kwance akwatin, ina nuna masa kowane abu da sunansa, kuma na lura hannunsa ya fi nawa natsuwa wajen cire RAM.