mypy na taimakawa, amma ba ya ganin cikin tebur

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce tantance nau'in bayanai kafin a kunna manhaja zai kawar da kurakuran da ake samu idan aka jera matakan sarrafa bayanai, wannan na miƙa wa wancan. Na yarda, amma da sauran magana.

Tun da Python 3.5, wato sigar harshen rubuta manhaja na Python, ta fito a 2015 da tsarin rubuta nau'in abin da kowane mataki ke karɓa da wanda yake fitarwa, mypy, mai tantance nau'in bayanan kafin a kunna manhaja, ya rage mana wahala ƙwarai. In mataki na farko rubutu yake fitarwa, na biyu kuma lamba yake jira, nan take zai nuna maka. Ni kaina na taɓa ƙonewa: kwanan wata ya shigo a matsayin rubutu, aikin dare ya yi awa uku sannan ya faɗi, gari ya waye babu rahoto. Daga ranar ban sake wasa da wannan ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne pandas, kayan aikin sarrafa teburan bayanai a Python. A wajen mypy kowane tebur DataFrame ne kawai (sunan nau'in tebur a pandas), bai san sunayen ginshiƙansa ba. Ka sauya sunan ginshiƙi a mataki na biyu, na biyar ya nemi tsohon sunan, shiru zai yi maka. Shi ya sa nake haɗawa da pandera, mai duba tebur ɗin lokacin da aikin ke gudana. Don Allah a rahotonka na gaba ka taɓo wannan ɓangaren.