Na ga maburgi a hannun 'yar Trinidad

Jama'a, yau ba siyasa zan yi ba, maganar tukunya ce.

Shekarar da na yi zaman karatu a Ingila, maƙwabciyata wata dattijuwa ce 'yar Trinidad, tsibirin nan na yankin Karibiyan da ke dab da gaɓar Venezuela. Anti nake ce mata. Wata Lahadi ta aiko a kira ni cin abincin rana. Ina shiga kicin na tarar da ita tsaye kan wata koriyar miya, da ɗan sanda mai 'yan yatsu a ƙarshensa tsakanin tafukanta tana murzawa. Sai da na yi turus. Maburgi ne, irin wanda Inna take burga miyar kuɓewa da shi. Na ce, "Anti, ina kika samo wannan?" Ta ce daga gida ta taho da shi, haka ta ga kakarta tana yi.

Sunan miyar kalalu. Ganyen gwaza ne da ɗanyar kuɓewa da kabewa da madarar kwakwa. Attaruhu guda ake jefawa ba a yanka ba, don ƙamshinsa kawai, a tsame shi kafin a burga, in kuwa ya fashe a ciki kowa ya ji a jikinsa. A can suna sa ƙaguwa, wasu gidajen har da naman alade, amma da yake ta san ni Musulma ce, ba ta sa ba. A gefe ga tuwon masara da aka tuƙa da kuɓewa, suna kiransa kuku. Ba kukun gidan Bature ba, sunan tuwon ke nan.

Tun ranar nake bin labarin girkin ƙasar nan, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne yadda masu tallar yawon buɗe ido suke zuba shi, wai ƙasa ce da Afirka da Indiya da Sin da Turai suka haɗu a tukunya ɗaya, kamar wani ne ya aika musu goron gayyata kowa ya zo da kwanonsa. To ba biki suka zo ba. A 1783 ne Sifaniyawa, masu mulkin tsibirin a lokacin, suka buɗe wa masu gonaki Faransawa ƙofa, suka shigo da bayinsu. Ingila ta ƙwace tsibirin a 1797. Da bauta ta ƙare gaba ɗaya a 1838 aka rasa masu saran rake, sai aka juya Indiya. Ranar 30 ga Mayu 1845 jirgin ruwa mai suna Fatel Razack ya sauke kashin farko na 'yan kwantiragi, kuma kafin a rufe harkar a 1917 an kwaso mutum sama da 140,000, akasarinsu daga Bihar da Uttar Pradesh. Mutumin da aka kawo a ɗaure, ko wanda ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba, ba ya zuwa da rumbu. Abin da ya tsallaka teku shi ne hannu, wato yadda uwa ta koya wa 'yarta ta burga, ta tuƙa, ta toya. Kayan haɗi kuwa sai abin da aka tarar.

Ku dubi ƙosai. Suna da wata suya da suke kira akra, sunan nan dai na akara da Yarabawa ke kiran ƙosai da shi. Amma babu wake a ciki. Fulawa ce da busasshen kifin gishiri, irin wanda aka riƙa yo safararsa daga arewacin tekun Atlantika don ciyar da bayi da araha. Suna ya tsira, suyar ta tsira, wake ya zauna a gida. Haka Indiyawan suka rasa ganyen dhaniya da suka saba, suka samu wani ganyen jeji mai ƙamshinsa, suka ce masa bandhaniya, dhaniyar daji ke nan. Ganyen guda masu karyayyen Faransanci ke kira shado beni. Yau babu gidan da ba a markaɗa shi da tafarnuwa da ganyen albasa da attaruhu a cuɗe nama tun dare, ko gidan na wane ne.

Af, akwai namu a can ma. Bayan hana bauta, Turawan Ingila sun riƙa kai mutanen da suka ƙwato daga jiragen bayi su yi aikin gona a Trinidad, cikinsu har da Yarabawa da mutanen Kongo da Hausawa. Wata malamar jami'a 'yar ƙasar, Maureen Warner-Lewis, ta bi jikokinsu ta naɗi waƙoƙi da kalmomin da suka rage a bakinsu. Sai dai kada wani ya yi saurin cewa miyarmu aka sata, kuɓewa ta Afirka ta Yamma ce gaba ɗaya.

Wanda ya fi tafiya da ni shi ne pelau, dafa-dukarsu. Sunan ɗan uwan pilau ne na Farisa da Indiya, amma farkon girkin ba na can ba ne. Anti ta ɗora tukunyar ƙarfe, ta zuba ɗan mai, ta barbaɗa sukari mai ruwan ƙasa cokali biyu, ta tsaya a kai ba ta ko ƙifta ido. Sukarin ya narke, ya fara kumfa, ya yi ja, ya doshi baƙi, hayaƙi ya fara tashi. Daidai lokacin da na buɗe baki zan ce ya ƙone, ta juye kazar da ta kwana cikin kayan ƙamshi, ji kake caaa! Ta yi ta juyawa har kowace tsoka ta yi launin dabino. Sannan shinkafa, da waken turawa, da kabewa, da madarar kwakwa. Babu zaƙi a ciki ko kaɗan, ɗan ɗaci-ɗaci ne mai daɗi. Sukarin da kakanninta suka ƙare rayuwarsu suna saran rakensa don shayin wasu, shi ta mayar kayan miya.

Na gwada a ɗakina bayan mako guda. Waya ta yi ƙara, na waiga, kafin in juyo sukari ya zama kwalta, ƙararrawar gobara ta tashi bene gaba ɗaya. Kazar nan ko kyanwa ba ta kalle ta ba.

Ɓangaren Indiyawa kuwa, a nan masu cewa "ba na asali ba ne" suke samun bakin magana. Na taɓa jin wani ɗalibi Ba'indiye ya ɗanɗana korin Trinidad ya yatsine fuska, wai wannan ba kori ba ne. To ai ba su ce na Delhi ba ne. Shekara fiye da 170 suna dafa abinsu da attaruhun Karibiyan. Suna da roti, wato gurasarsu, da ake cusa wa niƙaƙƙen wake a ciki kafin a murza, suna da wani mai mai-mai da ake bugawa a kan faranti har ya yayyage, sunansa ma yana nufin yagaggiyar riga. Da safe talaka ya gasa tumatir ko yalo a garwashi, ya dame da tafarnuwa da mai, ya ci da roti, shi ne coka. Sai dabuls, karin kumallon titi da ya fi kowane suna, wainar fulawa biyu masu kurkur da dafaffen cana, wani dunƙulallen waken Indiyawa, a tsakiya, a ɗiga miyar tsamiya da yaji. Iyalin wani Musulmi, Emamool Deen, ake dangantawa da fara sayar da shi a garin Princes Town a 1936. Babu shi a Indiya, yau kuma baƙar fata da Ba'indiye da Basine layi ɗaya suke bi a gaban mai sayarwa.

'Yan Sin da suka fara zuwa tun 1806 sun bar soyayyiyar shinkafa da taliya. Manoman koko daga Venezuela sun kawo pastel, ƙullin masara da nama a ganyen ayaba, kamar alala, abincin Kirsimeti. Abin shan Kirsimetin kuma zoɓo ne da kanumfari.

Ba ina cewa cin tukunya ɗaya ya kashe musu bambanci ba ne. Tun bayan samun 'yancin kai a 1962, zaɓe a ƙasar yakan bi layin asali, manyan jam'iyyu biyu, ɗaya ta fi ƙarfi cikin jikokin Afirka, ɗaya cikin jikokin Indiya. Mu da muke cin suyar juna muna zagin juna a Facebook mun san wannan. Abin da na yarda da shi kawai, wannan girkin ba gwamnati ta haɗa shi ba, ba otal ba. Mata ne a barikin gonar rake, ɗaki jikin ɗaki, wannan ta ji ƙamshi ta leƙa ta katanga ta ce me kika sa. Anti ba ta da jinin Indiya, amma ta iya sawain, taliyar madara da maƙwabtanta Musulmi ke aiko musu ranar ƙaramar Sallah, wadda hutu ce a ƙasar baki ɗaya.

Da muka gama cin pelau ranar, na ɗauki tukunya zan jiƙa in wanke. Ta daka min tsawa, ta karɓe, ta ɗauko cokali ta kankare ƙasan. Ƙanzo. Suna ce masa bonbon, kuma ta ce a gidansu yara har faɗa suke yi a kansa. Ta raba biyu, ta miƙo min kashin da ya fi ƙonewa.