Ku daina tura yara sayen farantin tagulla

Abin da aka yi wa yaron nan a guruf ɗinmu na masu haɗa kibod bai dace ba, kuma waɗanda suka sa baki sun san da su nake. Yaro ya yi tambaya cikin ladabi. Ya tara kuɗi zai haɗa kibod ɗinsa na farko, sana'arsa buga wa ɗalibai furojet a Gwallameji ta Bauchi, wane faranti ya kamata ya saka, wato falen nan mai ramuka da ke riƙe suwic, 'yan makunnan da ke ƙarƙashin madannai? Sai aka yi masa ca, kowa tagulla, tagulla, har da mai cewa FR4, wato farantin zaren gilashi da ƙaro, na marasa ƙarfi ne. Babu wanda ya tambaye shi awa nawa yake yi a kan kibod, ko wane suwic ya saya, ko yadda farantin zai zauna a cikin gidansa. Jiya ga shi ya dawo yana neman mai sayen farantin tagullar da ya saya ko da faɗuwa ne, yana cewa kafin la'asar yatsunsa sun yi tsami. Waɗanda suka zuga shi kuwa har yanzu ba wanda ya ce uffan. Haba jama'a, fisabilillahi!

Yatsa ne ke zaɓen faranti. Ba sikeli ba, ba farashi ba, ba bidiyon YouTube ba. Yatsan mai kibod ɗin da irin aikin da yake yi.

Mene ne ma aikin farantin? Ya riƙe suwic ya hana shi rawa, shi ke nan. Kaurinsa milimita 1.5 ne, domin a nan ne haƙoran suwic irin na MX ke kamawa, kuma kowane rami milimita 14 ne tsawo da faɗi. Tagulla da alminiyam da roba duk za su yi wannan aikin. Inda suka bambanta shi ne abin da ke faruwa in madanni ya kai ƙasa. A suwic ɗin Cherry MX Red, madanni yana tafiyar milimita 4, harafi yana fita tun a milimita 2, amma yawancinmu ba ma tsayawa a nan, sai mun dangana da ƙasa. Wannan dukan na ƙarshe dole wani abu ya shanye shi. In farantin yana ɗan lanƙwasawa, ya rage maka. In ba ya motsi, ya koma kan yatsanka gaba ɗaya, kamar mai gudu ba takalmi a kan siminti.

To tagulla ba ta motsi. Taurinta ya ninka na robar folikabonet fiye da sau arba'in, shi kansa alminiyam ya ninka robar kusan sau talatin. Yanzu ku yi lissafi da ni. Shafi mai kalma 300, a ce kowace kalma haruffa biyar da tazara ɗaya, bugu 1,800 ke nan. Furojet mai shafi 50 ya kama bugu 90,000. Lokacin da 'yan ajin ƙarshe na foli da na ATBU suke rububin miƙa aiki, yaron nan ba furojet ɗaya ne ke jiransa ba. Wannan ne mutumin da kuka ce ya sayi faranti mai taurin ƙarfe, ku da kibod ɗinku bai wuce rubuta saƙo da ɗaukar hoto ba. Ina tausayi a nan?

Na san amsar, an riga an fara turo mini: ai tagulla ta fi nauyi, nauyi kuwa inganci ne. Nauyin gaskiya ne, ba musu. Kowace santimita kubik ta tagulla wajen giram 8.5 ce, alminiyam 2.7, FR4 bai kai 2 ba, folikabonet 1.2. Ta ninka alminiyam sau uku, ta ninka folikabonet sau bakwai. To sai me? Kibod a kan tebur yake zaune, ba ɗaga shi ake yi ba. In nauyi kake so don kada ya zame, a gindin gidan kibod ake saka shi, shi ya sa masu ƙera masu tsada suke liƙa dunƙulen tagulla a ƙasa, nesa da yatsa. Mu kuma da kayanmu ke tasowa daga Sin, su sauka Legas ko Kano kafin mota ta kawo su Bauchi, ana cajinmu da awo, nauyin nan kuɗi ne kawai ka ƙara biya.

Wani ya ce ta fi ƙarko. Ƙarkon me? Abin da ke cikin gida a rufe, ba rana ba ruwa, wa ya taɓa ganin farantin FR4 ya tsufa ya daina riƙe suwic? Shi kansa allon lantarkin da ke ƙarƙashi, wanda duk rayuwar kibod ɗin ta dogara da shi, da FR4 aka yi shi, zaren gilashi ne da aka haɗa da ƙaro mai tauri. Kun yarda da shi a can, kun raina shi a nan. Tagulla ma, da yake gamin jan ƙarfe da zinki ce, in ba a yi mata rufi mai kyau ba, laimar damina da zufar hannu sukan dusashe ta.

Sai babbar hujjar tasu, wato ƙara. Wai su ji wannan sauti mai zurfi da ake ji a bidiyo. 'Yan uwa, abin da kuke ji a bidiyo makirfo ne, da tebur, da shimfiɗar da aka ɗora kibod a kai, da ɗaki mai labule da kafet. Ka kawo wannan kibod ɗin shagon da fanka ke juyawa, janareton maƙwabci na ruri, Keke Napep na wucewa, ka gaya mini me ya rage. Kuma ma sun juya maganar. A kunnen yawancin masu wannan harka, ƙarfe ne ke ba da sauti siriri mai kaifi, roba irin POM da folikabonet su ne ke ba da mai kauri. Wato ko abin da suke nema ba su san inda yake ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ya fi ci mini rai, gidan kibod ɗin da yaron ya saya na gasket ne. Duk dabarar gasket ita ce faranti ya zauna a kan 'yan robobi masu laushi, ba a ɗaure shi da kusa ba, don komai ya riƙa ɗan bada kai in an danna. Ya biya kuɗin laushi, kun sa ya ƙara kuɗi ya rage laushin. Da tambaya ɗaya aka yi masa da an gane haka.

Ban ce tagulla haramun ce ba. Akwai wanda yake son ya ji ƙasa daram, musamman masu suwic mai ɗan tudu a tsakiya, don faranti mai tauri yana fito da tudun sosai. Akwai mai hannu marar nauyi da ba ya kai madanni ƙasa, shi wannan duk ɗaya ne a wurinsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma wannan mutum ya gwada ne ya zaɓa, ba guruf ne ya zaɓa masa ba. Roba ma tana da nata halin: in allon lantarkinka na cire-ka-saka ne, wanda ba ya buƙatar dalma, farantin folikabonet yakan lotsa lokacin da kake cusa suwic, in ba ka tallafe soket ɗin da suwic ke shiga ta baya da yatsa ba sai ka ɓalle shi. Wannan shi ne irin bayanin da sabon shiga yake buƙata daga gare ku.

Ƙanena, in kana karanta wannan, kada ka karaya kuma kada ka ji kunya, laifin na manya ne. Nemi FR4. Yana tsakiya, bai kai ƙarfe tauri ba, bai kai roba laushi ba, kuma yawanci yana cikin masu araha. In ka yi wata guda kana son ƙarin laushi, ka koma POM ko folikabonet. Kafin ka sake tura ko sisi, ka zo ka zauna ka buga shafi biyu a nawa, ka je wurin mai alminiyam ma ka buga biyu. Yatsanka zai faɗa maka. Ku kuma masu kibod biyu uku a gida, ku riƙa ba yara aro su taɓa, ya fi dogon surutu a guruf amfani.

Tunda ma na fara, bari in ƙara da wani abin da ya daɗe yana damuna. Duk guruf ɗin nan Hausawa ne, muna ta musu a kan faranti da soso da man suwic, amma mutum nawa ne kibod ɗinsa ke iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ? Allunan nan da muke saye da yawansu manhajar QMK ke tafiyar da su, kana iya ɗora haruffan a shimfiɗa ta biyu, wato aiki na biyu da ake ba madanni. In wannan ya yi maka nisa, Windows tana da tsarin madannai na Hausa a cikinta, ga kuma manhajar Keyman kyauta. Yaron da kuka tura sayen tagulla, cikin masu kawo masa aiki akwai masu rubuta furojet da Hausa, kuma har yau da hannu yake bin kowace ƙ yana kwafowa yana liƙawa. Wanda ya iya saita QMK a cikinku ya yi magana, mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar a wajen Yelwa, kowa ya zo da kibod ɗinsa da wayar USB.