"Sa ni aka yi" ba ta fitar da kowa a gaban alƙali

Tun jiya bidiyon bangon nan da wani lebura ya sare wa gindi wajen rusau a nan Maraɗi, ya faɗa kan wani yaro, yake yawo a WhatsApp, kuma maganar da ke biye da shi ta fi faɗuwar bangon ɓata mini rai. Kowa ya ɗauki murya yana cewa a saki leburan, bawan Allah ne, sa shi aka yi. To yaron da bangon ya danne a lungu fa, shi ba ɗan kowa ba ne? Yana kwance a likita da karyayyar ƙafa, mu kuma muna nan muna neman wa wanda ya riƙe diga uzuri.

Ku sake kallon bidiyon da kyau. Mutumin yana tsugune a gindin bango yana sara, ya cire layi biyu na tubali daga wannan kusurwa har waccan, bangon yana tsaye a kan ɗan abin da ya rage. Babu igiya a bakin lungu, babu mutum ɗaya da aka tsayar ya tare masu wucewa. Wanda ya yi wannan saran ya san me yake yi. Ya san rushewa daga sama tana cin yini biyu, sare gindi kuma awa biyu ne a tura a tafi gida. Ya zaɓi gajeriyar hanya, kuma hannunsa ne ya yi. "Sa ni aka yi" ba ta goge wannan.

Mutane ba su san nauyin abin da suke wasa da shi ba. Bangon ƙasa mai tsawon mita 4, tsayi mita 3, kauri santimita 40, ya kai mita kubik 4.8. Kowane mita kubik na busasshiyar ƙasa wajen kilo 1,700 ne. Ku buga lissafi, ya haura tan 8. Lungunan tsofaffin unguwanninmu, Bagalam, Mokoyo, Limanci, da yawansu faɗinsu bai kai tsayin bangon da ke gefensu ba, don haka in ya kife waje ya rufe hanyar gaba ɗaya, ɓaraguzai kuma su yi tsalle su wuce. Shi ya sa masu sana'ar ke ware fili aƙalla tsayin bangon sau ɗaya da rabi, bango mai mita 3 a kori kowa har mita 4 da rabi, a ɗaura igiya, a tsayar da mutum a kowane baki. Kuma bangon da aka sare wa gindi ba ya jin umarni. Kana so ya faɗa ciki, tsagar da ke ɓoye a bayan yaɓe ta karkata shi waje. In damina ce ma, gindin ya riga ya sha ruwa ya yi laushi, sara uku ya ishe shi.

Yanzu ga doka, tunda an ce lebura ba ruwansa. Gaskiya ne kaso mafi girma na ubangida ne. Kundin dokokin ƙwadago na Nijar, doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar ma'aikatansa, ya koya musu aikin, ya tanadi kayan kariya. Ba ni da ja a nan, kuma ɗan kwangilar can ya kamata ya amsa nasa. Amma wannan kundin dai shi ne ya juyo kan ma'aikaci ya ce ya bi ƙa'idojin tsaro da aka ba shi, ya yi amfani da kayan kariya yadda ya dace, kar ya cire su ko ya sauya su ba da izini ba. Wanda ya zare tokarar da ke riƙe da dal, wato rufin kankare, don tana tare masa hanyar baro, ya taka doka da ƙafarsa. Wanda aka ba hular kwano ya rataye ta a reshen bedi don zafi, haka. Irin wannan kan kai ga kora a matsayin babban laifi, ba tare da wa'adin sallama ba.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar maganar tana cikin kundin hukunta laifuka. Wanda ya jawo rauni ko mutuwa ta hanyar rashin iyawa, ko ganganci, ko rashin lura, ko sakaci, ko ƙin bin ƙa'ida, ana gurfanar da shi, akwai ɗauri akwai tara. Dokar ta ce "duk wanda", ba ta ce sai mai gida ko sai mai takardar kwangila ba. A shari'ar laifi kowa abin da ya aikata yake amsawa. Ubangidanka ba zai yi maka zaman kaso ba, kamar yadda kai ma ba za ka yi masa ba. Abin da ke rikita mutane shi ne maganar diyya. A dokar farar hula, aya ta 1384 ta sa ubangida ya biya ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki, aya ta 1386 kuma ta kama mai gini in gininsa ya rushe saboda rashin kulawa ko aibin gini. Wato kuɗin magani ana iya bin aljihun babba. Amma biyan kuɗi daban, laifi daban. Ubangida ya biya likita, kai kuma alƙali ya tambaye ka wa ya sari gindin bango.

Ana ce mini ai talaka ne, in ya ƙi za a kore shi, gobe a ɗauko wani a bakin tasha. Na sani, kuma jikka biyu ko uku na yini ba abin rainawa ba ne ga mai iyali. Sai dai ba a sayen tuwon dare da ƙafar ɗan maƙwabci. Kuma ƙin aiki mai haɗari ba tawaye ba ne. Yarjejeniya ta 155 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ta shekarar 1981, wadda Nijar ta amince da ita a 2009, ta faɗi abu biyu a sarari. Ma'aikaci ya sanar da shugabansa nan take in ya ga haɗari babba da ke dab da aukuwa, kuma ba a tilasta masa komawa wurin sai an gyara. Wanda ya janye jikinsa da hujja mai ma'ana kuma a kare shi daga ramuwa. To ka faɗa. Ka faɗa a gaban mutum biyu, ka tura wa shef shantiye, wato shugaban wurin aikin, saƙon murya, ka ɗauki hoton tsagar da wayarka. Ranar da abin ya faru, wannan saƙon na daƙiƙa 20 shi ne zai raba ka da wanda ya yi shiru ya ci gaba da sara. In an kore ka a kansa, ofishin sufeton ƙwadago yana nan cikin garin nan, don irin wannan aka buɗe shi.

Masu cewa ƙaddara ce kuma, ku ji tsoron Allah. Kowa ya yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya saukar da aya ta 92 a Suratun Nisa'i, ya ɗora kaffara da diyya a kan kisan kuskure. Kuskure fa, ba ganganci ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bambanta wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi, kuma ba su ce mai hannu ya tafi abinsa don wani ya aike shi ba. Ku tambayi limamin unguwarku.

Akwai kuma masu cewa bai yi boko ba, ina zai san doka. Ba a buƙatar boko kafin a san ba a fara rushe gida daga ƙasa. Tsari ne da kowane tsohon magini ya sani. Kafin guduma ta taɓa komai, a kira kamfanin wuta NIGELEC su yanke wuta daga fal, don kashe kwantar, wato mitar wutar gida, kaɗai ba ya kashe wayar da ta shigo daga waje, kuma ita ce ke kama mai kwance kwano. A rufe ruwa. A zagaya tsakar gida a nemo tsohuwar rijiya da tsohon masai da aka rufe da ƙasa, don katafila ko tifa in ta hau kansu ƙasa na buɗewa. A duba wane bango ne na haɗaka da maƙwabci, a tokare shi kafin a cire ɗakin da yake jingine da shi, a kuma gaya wa mutanen gidan su fitar da yara da awaki daga wannan gefen. Sannan a cire ƙofofi da tagogi, a kwance kwano, a sauke azara ɗaya bayan ɗaya, a biyo bango daga sama layi layi, mutum yana tsaye a kan abin taka mai ƙarfi. Ba a tsayawa a kan bangon da ake fasawa. Ba a sa wani yana kwasa a ƙasa alhali wani yana fasawa a samansa. Ba a tashi aiki a bar dogon bango tsaye shi kaɗai ba tokara, don iskar hadari ta dare ɗaya ta isa ta kifar da shi. Wanne ne a ciki yake buƙatar takardar makaranta?

Ginin siminti ya fi mugunta, don yana yaudara. Kankare mai ƙarfe a ciki kilo 2,500 ne kowane mita kubik. Dal mai kaurin santimita 15 kenan kilo 375 kowane murabba'in mita, ɗaki mai mita 4 da mita 4 tan 6 ne rataye a kanka. Abin da ya hau ƙarshe wajen gini shi ke fara sauka: dal tukuna, sai katakon kankaren da ke ɗauke da shi, sai ginshiƙi. Amma sai ka ga yaro da injin yanka yana datse ƙarfen ginshiƙi tun dal na sama, don ƙarfen ne rabonsa, mai sayen tsohon ƙarfe na jira da kura a ƙofa. Wannan shi ma sa shi aka yi? Rumfar kankare da ta leƙo waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, ƙarfen da ke samanta da nauyin bangon da ya danne bayanta ne ke riƙe da ita. Ka fasa bangon ko ka yanke ƙarfen nan ba ka tokare ta ba, take za ta karye kamar busasshen kara. Sai kuma tara ɓaraguzai a kan bene. Daben gidan zama ana lissafa shi ne a kan kaya wajen kilo 150 kowane murabba'in mita, ɓaraguzai masu kaurin santimita 10 kawai sun cinye wannan. Ka tara tsibi har gwiwa a tsakiyar dal don ka ƙi saukewa sau goma, ka ɗora masa ninki huɗu ko biyar na abin da aka gina shi ya ɗauka. Wanda ya tara tsibin shi ya tara, ba wanda ke zaune a ofis ba.

Direban katafila ma ya ji. Kai ne ke kan sitiyari, kai ne ka ga yara sun taru suna kallo, kai ne za ka kashe inji har a kore su. Ba wanda zai karɓi "an ce in yi sauri" daga bakinka.

Ni ba gaba nake da lebura ba, wallahi. Su ne kan fara mutuwa in abu ya ɓaci, kuma da yawansu ba a taɓa yi musu rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata, ba, ranar da suka karye sai dai 'yan uwa su yi karo-karo. Doka ta ce ubangida ya kai rahoton haɗarin aiki cikin awa 48, amma wanda ba sunansa a ko'ina, wahala ce kafin ya tabbatar ma cewa a wurin yake aiki. Saboda haka ne ma nake cewa ku daina ruɗin su da cewa ba ruwansu. Wanda ka gaya wa ba ruwansa, ka cire masa dalilin tsayawa ya ce a'a. In ya san wuyansa na ciki, zai kalli ɗan kwangila ya ce, ranka ya daɗe, ba na sare gindin nan sai an rufe lungu. Mutum biyar su faɗi haka a shantiye ɗaya, igiyar jikka ɗaya za ta fito.

Kuma wanda abin ya faru a gabansa kar ya gudu. A kira 18, lambar 'yan kwana-kwana, a hana katafila kusantar wurin, a tona da hannu da shebur daga gefe, kar a hau kan tsibin da mutum ke ƙarƙashinsa, a sa wani ya zuba ido a kan sauran bangon da bai faɗi ba. Gudu ba ya rage laifi, sai dai ya ƙara.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuma, tunda maganar rusau ake, shi ne inda ɓaraguzan ke ƙarewa. Da an ga damina ta kusa sai kowa ya sayi amalanke biyu uku ya zube a ƙofar gidansa wai yana cike rami. Ya ɗaga gabansa, ruwan da ke gangarawa Gulbi ya rasa hanya, ya juya ya kwanta a gindin katangar ƙasa ta maƙwabcin da ba shi da kuɗin sayen nasa. Ga ƙusoshi da guntayen ƙarfe a ciki, yara na tonawa ba takalmi suna kai wa mai sikeli. Ku bi layukan Zariya da Ali Ɗan Sofo bayan ruwan farko ku ga inda ruwa ke tsayawa, sannan ku dubi ƙofar da ke kusa da wurin.