Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Ga Ƙannena Ɗaliban Manyan Makarantun Bauchi

Assalamu alaikum, ƙannena maza da mata da ke karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, da kwalejin Tatari Ali, da waɗanda ke Gadau da Azare.

Kwanakin baya na shiga wani shagon buga takardu a Yelwa, sai na tarar da wani matashi a gabana riƙe da ambulan mai ruwan ƙasa wanda gefensa ya tsattsage saboda yawan riƙo. Ya zaro takardar digirinsa, da ta kammala bautar ƙasa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da ta haihuwa, ya ce a yi masa kwafi goma-goma. Muna jiran a tayar da janareto na tambaye shi inda zai kai su, ya ce an gaya masa wata hukuma za ta ɗebi ma'aikata, kuma akwai wanda ya yi alkawarin shigar masa da sunansa. Na ce shekara nawa ke nan da gama bautar ƙasarsa, ya ce huɗu. Na ce to me yake yi a tsakanin nan, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Yaya, ana dai jira." Wannan amsa ita ce ta sa na zauna rubuta muku wannan nasiha, domin ni ma da bakina na shekara uku ina ba mutane ita.

A cikin waɗancan shekaru uku na dogara ne ga wani mutum da ya ce yana da hanya a Abuja. Mahaifiyata ta sayar da tumakinta biyu, aka haɗa da abin da yayata ta bayar, na kai masa kuɗin da ya kira na gurbi. Bayan watanni ya turo mini takardar ɗaukar aiki mai hatimi da sa hannu, na yi ɗinki, na yi sallama da dangi, na hau mota. Sai da na isa ofishin aka duba aka ce babu sunana a ko'ina, takardar ma ta bogi ce. Asarar kuɗin ta yi mini ciwo, amma abin da har yau nake jin zafinsa shi ne kwanakin da na ɓatar a majalisar ƙofar gida ina sauraron ƙarar waya, ban koyi komai ba, ban tara komai ba, abin da na karanta ma yana ta zubewa daga kaina.

Ya kamata ku fahimci dalilin da ya sa iyayenmu suka ɗauki kwali daidai da aiki, domin a zamaninsu haka abin yake. Lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar bautar ƙasa a 1973, jami'o'i shida ne kacal a Najeriya, kuma rukunin farko na 'yan bautar ƙasa bai kai mutum dubu uku ba. Wanda ya gama digiri a lokacin, ma'aikatu ne ke neman sa. Yau jami'o'in ƙasar nan sun haura 250, ban da kwalejojin fasaha da na ilimi, kuma dubban ɗaruruwan matasa ne ke fita bautar ƙasa kowace shekara. A jiha irin tamu kuwa, inda gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata, kuma masana'antu irin su kamfanin haɗa motoci na Steyr suka daɗe da yin sanyi, kujerun ofis ba za su taɓa isar mu duka ba. Masu shekaru a cikinmu ba su manta da watan Maris na 2014 ba, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka biya naira dubu ɗaya kowannensu domin neman guraben hukumar shige da fice da ba su kai dubu biyar ba, aka yi turereniya a filayen wasa, fiye da mutum goma suka rasa rayukansu. Ban kawo wannan don in karya muku gwiwa ba. Laifin shugabanni a cikin wannan hali babba ne, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da faɗa musu, sai dai shekarun ƙuruciyarku ba za su tsaya jiran ranar da za su gyara ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Neman aiki yana farawa ne tun kana aji biyu ko uku, ranar da ka zauna ka tambayi kanka da gaske: abin nan da nake karantawa, wane ne zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya ni saboda na iya shi? Idan ka rasa amsa, nemi waɗanda suka riga ka fita daga sashenku da shekara biyar ko goma, ka ji inda suke da yadda suka isa can. Mai karanta ilimin koyarwa ya san cewa akwai rajistar hukumar malamai ta TRCN a gabansa, mai karanta akanta ya san jarrabawar ƙungiyoyin akantoci ta ICAN ko ANAN ce ke ɗaga darajarsa, injiniya kuma ya san da hukumar rajistar injiniyoyi ta COREN. Abin takaici ne ɗalibi ya kai ajin ƙarshe bai taɓa tambayar kuɗin waɗannan abubuwa da sharuɗɗansu ba.

Inda na fi so in tsaya shi ne watannin koyon aiki na SIWES, domin a nan muka fi cutar kanmu. An tsara wannan shiri ne, ƙarƙashin asusun horar da ma'aikata na ITF mai hedikwata a Jos, don ɗalibi ya taɓa da hannunsa abin da ya karanta a allo. Amma me da yawanmu suke yi? Sai a nemi ofishin da wani kawu yake, a leƙa sau ɗaya a mako, a ƙarshe a zauna dare ɗaya a cike littafin rahoto da ayyukan da ba a yi ba, a kai a buga hatimi. Wanda ya yi haka ya ci maki, amma ya zubar da wata shida da ba zai sake samun irinsu ba, domin wannan ne kaɗai lokacin da za ka shiga wurin aiki ka yi kuskure a gyara maka ba tare da an kore ka ba. Na san wani yaro mai karanta injiniyan lantarki da ya ƙi ofis mai sanyi, ya bi wani mai haɗa sola a cikin gari. Wata shida yana ɗaukar tsani da batura, yana hawa rufin kwano da tsakar ranar bazara, abokansa suna ce masa yaron shago. Kafin ya kammala digiri ya iya lissafin nauyin wutar gida, ya san farantai nawa da baturi nawa za su ɗauke shi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane suka raja'a kan sola, bai sake zama babu aiki ba. Digirin nasa bai tashi a banza ba, shi ne ma ya sa yake fahimtar abin da ubangidan nasa ke yi da ƙiyasi kawai.

Haka batun furojet ɗin ƙarshe yake. Wanda ya saya a shago ya hana kansa koyon tattara bayani, da tace shi, da rubuta rahoto, waɗanda su ne ainihin abin da ƙungiyoyin agaji da kamfanoni ke biyan albashi a kai. Kuma kada wani ya fita daga makaranta bai iya manhajar lissafi ta Excel a kwamfuta ba, bai iya rubuta wasiƙa mai tsafta da Turanci ba. Wayar da ke hannunka, da datar da kake ƙonawa a TikTok, sun isa su koya maka waɗannan a hutu guda.

Shekarar bautar ƙasa ita ma jari ce. Daga 2025 alawus ɗin ya koma naira 77,000 a wata, ya ɗara mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma ga da yawanku wannan ne kuɗi mafi tsari da za ku riƙa gani na tsawon lokaci. Wanda ya daure ya riƙa ajiye naira 20,000 kowane wata zai fita da abin da ya haura dubu ɗari biyu, wanda zai iya zama kuɗin jarrabawar ƙwarewa, ko keken ɗinki, ko buhunan farko na hatsi. A cikin makonni ukun sansani, ko a Wailo ne ko a wata jiha, akwai darussan sana'a na SAED waɗanda yawancin matasa ke mayar da su lokacin barci. Ku zaɓi guda ku bi ta har bayan sansani. Sannan ina roƙon ku, in ba don lalurar lafiya ko aure ko tsaro ba, ku rage fafutukar a dawo da ku gida. Zama a wata jiha yana buɗe ido, yana koya wa mutum hulɗa da wanda ba yarensu ɗaya ba, kuma shugaban da ya ga ƙwazonka na shekara guda shi ne zai rubuta maka shaida ta gaskiya ko ya riƙe ka.

Idan aka zo neman aikin kansa, ƙananan abubuwa ne ke kayar da mutane. Takardar CV ta zama gajeriya, shafi ɗaya ko biyu, ta faɗi abin da ka taɓa yi da hannunka, kada ka kwafi ta abokinka ka canza suna. Adireshin imel ya ɗauki sunanka na gaskiya, ka kuma riƙa buɗe shi, domin an sha kiran mutane intabiyu su gani bayan mako biyu. Ka kula da abin da kake rubutawa a Facebook, masu ɗaukar aiki suna dubawa, kuma zagin da ka yi wa wani saboda siyasa yana nan bai goge ba. Game da sayen gurbi kuwa, ga ni nan na ba ku labarina. Hukumomin gwamnati suna sanar da ɗaukar aiki a shafukansu da jaridu, kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi asusunsa don ya ba ka aiki, ko dai ɗan damfara ne, ko kuma yana gayyatar ka cin hanci, ka fara rayuwar aikinka da haram, ka kuma danne haƙƙin wanda ya fi ka cancanta.

Kada ku raina ƙaramin aiki. Na san makarantun kuɗi da yawa suna biyan malamai abin da bai kai kuɗin mota da abinci ba, kuma wannan zalunci ne da ya kamata a kira shi da sunansa. Duk da haka, mai fita da safe ya koyar yana ƙara gogewa, yana haɗuwa da mutane, yana da amsar da zai bayar ranar da aka tambaye shi abin da ya yi bayan bautar ƙasa. Ka karɓa, ka yi shi da amana, kana neman na gaba. Lokacin da Abdurrahman bin Auf, Allah ya yarda da shi, ya isa Madina babu komai a hannunsa, ɗan'uwansa Ba'ansare ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Kasuwar Muda Lawal da ta Wunti suna nan, ga riɗi da shinkafa da masara da ake lodi daga ƙauyukanmu zuwa kudu, kuma 'yan kasuwa da yawa masu juya miliyoyi ba su da mai rubuta musu shiga da fita yadda ya kamata. Mai digiri da ya sauke girman kai ya zauna ƙarƙashin irin waɗannan shekara ɗaya ko biyu zai koyi abin da babu shi a manhaja, su kuma za su amfana da iliminsa. Ban ce kowa ɗan kasuwa ba ne, kuma na san jari yana da wuya. Abin da nake ƙi shi ne a ce da zaman kashe wando da koyon sana'a, zaman ya fi dacewa da mai kwali.

Ku kuma ƙannena mata, ku yi maganar aikinku tun kafin a sa rana, a fili, tsakanin waliyyai, domin alkawarin da aka yi a zaure tsakanin saurayi da budurwa sau da yawa ba ya kai wata shida bayan biki. Asibitocinmu da makarantun 'yan mata suna da tsananin buƙatar ku.

Akwai kuma waɗanda suka karɓi bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Ku riƙa tuna cewa bashi ne, kuma biyan sa yana farawa shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, don haka ku sa shi cikin lissafinku tun yanzu. Ku zauna da iyayenku kafin ku gama, ku bayyana musu yadda zamani ya sauya cikin ladabi, saboda kada ranar da suka gan ku da kayan aiki a hannu su ɗauka kun zubar da wahalar da suka sha a kanku. Mahaifiyata ta yi kuka ranar da na fara koyarwa a wata ƙaramar makaranta a bayan unguwarmu, tana ganin ba don wannan ta sayar da tumakinta ba. A wannan makarantar ce mahaifin wani ɗalibina ya ga yadda nake tsara sakamakon jarrabawa a kwamfuta, ya tambaye ni ko zan iya riƙe masa lissafin shagonsa da yamma, kuma bayan shekara biyu shi ne ya kai sunana wurin da nake aiki a yau, ban ba kowa ko sisi ba.